BAƘIN MAN BABUR DA SANTSIN KULOCHI

An shirya wannan takarda ne domin manoma masu babur, da kuma samarin gida waɗanda galibi su ne ke hawansa. Yau babur ya zama ɗaya daga cikin kayan aikin gona. Shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko injin ban ruwa daga fadama da yamma, shi ke fid da kwandunan tumatir bakin titi tun rana ba ta yi zafi ba. Ran da ya kwanta kuwa, ayyuka da yawa na gidan sun kwanta ke nan.

Akwai wani kuka da mu malaman gona mu ke yawan ji wurin masu babur, musamman da kaka lokacin da a ke ɗibar amfanin gona. Sai mutum ya ce, "Malam, babur ɗina yana ruri amma ba ya ja." Wani ya ɗora wa fetur laifi, wani ya ce fulogi ne, wani kuma ya ce inji ne ya tsufa sai an sake ringi. Sau da yawa duk ba su ba ne. Kulochi ne ke santsi. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo wannan santsi kuwa shi ne irin baƙin man da aka zuba wa injin. Mai yana iya zama sabo fil, mai tsada, na ƙwarai, amma ya kasance ba na babur ba ne.

YADDA KULOCHI KE AIKI

Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya san bel ɗin da ke haɗa inji da maniƙa. Idan bel ya kama sosai, ƙarfin injin ya kan isa inda a ke bukata, gari ya yi ta zuba. Idan kuwa ya saki, ko mai ya ɗiga a kansa, sai ka ji inji na ruri, bel na zamewa yana zafi har da warin ƙuna, amma gari ba ya fita yadda ya kamata. To, irin aikin wannan bel shi kulochi ke yi a cikin babur. Shi ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, giya ta miƙa wa sarƙa, sarƙa ta juya tayar baya.

Idan bakanike ya buɗe murfin gefen inji, za ka ga kulochi jerin fayafayai ne iri biyu, an shirya su wannan a kan wancan. Iri ɗaya na ƙarfe ne zalla, sumul. Ɗaya irin an manna masa wani abu mai kaushi gaba da baya, shi ne kanikawa ke kira faiba. A ƙananan babura irin namu a kan sami faiba huɗu ko biyar, da na ƙarfe a tsakaninsu. Akwai kuma sifirin, galibi guda huɗu, masu matse su wuri ɗaya. Sa'ad da ka ja hannun kulochi, ka raba fayafayan ke nan, inji na juyi shi kaɗai. Da ka saki, sifirin sun matse su, sun kama juna, babur ya tafi.

Ga abin da ya kamata a riƙe da kyau. A mota mai giyar hannu, kulochi a bushe ya ke, mai ba ya taɓa shi ko kaɗan. Man inji yana wurinsa dabam, man giya yana wurinsa dabam. A babur kuwa, irin su Bajaj Boxer, TVS, Haojue, Honda CG da makamantansu, ɗaki ɗaya ne. Baƙin man nan da ba ya wuce kimanin lita ɗaya, shi ke shafe fistin, shi ke shafe haƙoran giya, kuma a cikinsa fayafayan kulochi su ke iyo. Haka abin ya ke ga babur roba-roba wanda ba shi da hannun kulochi. Yana da kulochi a ciki mai kama kansa da kansa, kuma shi ma cikin mai ya ke. Haka nan Keke Napep da kekunan ɗaukar kaya masu injin babur.

Kun ga ke nan an ɗora wa mai ɗaya aiki biyu masu karo da juna. Wurin fistin da giya ana so ya yi santsi don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Wurin kulochi kuwa ana so ya sanyaya fayafayan, amma da sifirin sun matse, ya fice daga tsakaninsu ya bar su su kama. Man da aka yi domin babur an auna shi ne ya iya duka biyun.

ABIN DA YA SAKE A MAN MOTA

Dattawan da suka hau Honda a shekarun baya su kan ce, "Mu ai man mota mu ke zubawa, ba mu ga kome ba." Gaskiya su ke faɗi. Honda CG125 ya fito tun 1975, kuma a wancan zamani man mota da na babur kusan abu ɗaya ne. Man motar ne ya sake daga baya.

Bayan tsadar man fetur ta 1973, ƙasar Amurka ta kafa doka a 1975 wadda ta tilasta wa masu ƙera motoci su rage shan fetur. Ɗaya daga cikin dabarun da aka bi ita ce gyara man inji. Aka riƙa tsinka shi, aka kuma riƙa zuba masa wasu sinadarai masu ƙara santsi, mafi shahara a cikinsu ana yinsa da wani ƙarfe mai suna molibdenum. Wannan sinadari ya kan manne a jikin ƙarfe ya yi wata 'yar fata siririya mai sulɓi, wadda ko an matse ba ta gudu. A injin mota abin alheri ne, don yana rage gogayya, mota ta sha fetur kaɗan.

A kulochin babur fa? Ka kwatanta da ƙotar fartanya. Da gumi a hannunka kana iya riƙe ta ka yi noma, don gumi ya kan gudu idan ka damƙa. Amma shafa yauƙin kuɓewa ko na karkashi ka gani. Kome ƙarfin damƙarka sai ta zame. Irin wannan yauƙi ne sinadarin nan ke shafa wa fayafayan kulochi, kuma faiba ta kan tsotse shi.

Wajen shekarun 1990 matsalar ta yi yawa, har manyan masu ƙera babura na ƙasar Japan, watau Honda, Yamaha, Suzuki da Kawasaki, suka ga lalle sai an raba man babur da na mota. A 1998 hukumar ƙa'idojin motoci ta ƙasar, wadda a ke taƙaita sunanta JASO, ta fito da ma'auni na musamman domin man babur. Ana gwada man ne a kan fayafayan kulochi cikin wata na'ura, a duba yadda su ke kamawa sa'ad da su ke juyi, da yadda su ke riƙewa bayan sun kama, da tsawon lokacin da su ke ɗauka kafin su tsaya. Man da ya bar kulochi ya kama sosai aka ba shi alamar MA. Mai santsi da yawa aka ba shi MB. A 2006 aka sake raba MA gida biyu, MA1 da MA2. MA2 shi ya fi kamu.

YADDA ZA KA KARANTA JIKIN GALAN

Ba sai ka iya Turanci ba. Haruffa kaɗan ne za ka nema, kuma ko ɗan firamare ya iya nuna maka su. Juya galan ɗin ko robar ka dubi baya, inda ƙananan rubutu su ke.

1. Nemi JASO MA, ko MA1, ko MA2. Idan ka ga ɗaya daga cikinsu, man ya dace da babur mai kulochi cikin mai. Man da aka yi wa rajista sosai a kan sa haruffan cikin wani ɗan akwati mai kusurwa huɗu, da lamba a samansa.

2. Idan ka ga JASO MB, ajiye shi. Na babur ne, amma na irin sikuta ta zamani mai tafiya da bel, wadda kulochinta a bushe ya ke. Mutane da yawa su kan ruɗe a nan domin hoton babur ne a jikin robar, kuma harafi ɗaya kaɗai ya bambanta.

3. Nemi 4T. Ma'anarsa an yi man domin injin babur irin wanda ba a gauraya masa mai da fetur. Amma 4T kaɗai bai isa shaida ba, don na MB ma 4T a ke rubuta masa. Lalle a haɗa da MA.

4. A jikin man mota a kan sami wani zagayayyen tambari kamar zobe, da API a samansa. Dubi ƙasan zoben. Idan an rubuta Resource Conserving ko Energy Conserving, wannan shi ne mai yauƙin da mu ke magana. Kada ya shiga babur ɗinka. Littattafan da ke zuwa da baburan Honda sun hana shi a fili.

Sai maganar lambobi irin su 20W-50, 10W-30, 10W-40 ko SAE 40. Waɗannan kaurin mai su ke nunawa, ba su ce kome ba game da kulochi. Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa bayan inji ya yi zafi. Bi lambar da littafin babur ɗinka ya ce. Yawancin baburan aiki da ke ƙasar nan 20W-50 aka daɗe ana ba su, wasu sababbi kuma 10W-30. Kana iya samun roba biyu duka 10W-30, ɗaya na mota mai yauƙi, ɗaya na babur mai MA. Lambarsu ɗaya, halinsu dabam.

Don kada a ce mun tsorata mutane fiye da kima, ya kamata a faɗi wannan. Man motar da ya fi kawo santsi shi ne tsinkakke, irin su 0W-20, 5W-20, 5W-30 da 10W-30, domin su ne ke ɗauke da wancan tambari. Mai kauri irin su 20W-50 na mota ko 15W-40 na injin gas ba sa ɗauke da shi, shi ya sa wani ya kan zuba su shekara da shekaru bai ga santsi ba. Wasu daga cikin man injin gas har da alamar MA a jikinsu. Amma wanda ba shi da alamar, ba a gwada shi a kan kulochi ba, kuma kamfani na iya sake haɗinsa ba tare da ya sanar da masu babur ba, tun da ba don su ya yi ba. A ganina, tun da man babur na ainihi yana samuwa a kusan kowace kasuwar ƙauye, ba dalilin yin caca da kulochi. In ka sami kanka a daji, mai ya yi ƙasa, ba wani sai na mota mai kauri, to zuba ka isa gida, don inji ba mai ya fi kome muni. Amma ka yi juye da wuri.

Akwai kuma masu cewa man zamani da a ke kira sintetik shi ke ƙona kulochi. Ba haka ba ne. Idan yana da MA ba abin da zai yi wa kulochi. Abin da ke faruwa, yawancin sintetik da ke kan kanta na mota ne, sai laifin sinadarin ya koma kan sunan.

GALAN ƊAYA, INJI UKU

Ga inda manomi ya fi faɗawa. A gida ɗaya akwai injin ban ruwa, akwai janareta, akwai babur. Don neman sauƙi sai a sayi galan ɗaya a riƙa raba musu. Injin ban ruwa irin Honda GX160 da masu kama da shi ba su da kulochi cikin mai, ba su da giya. Masu ƙera shi man mota 10W-30 su ka ce a zuba, kimanin lita 0.6. Wanda ya sayi wannan domin injinsa bai yi kuskure ba. Kuskuren shi ne ragowar da a ke juye wa babur.

In lalle galan ɗaya za a saya, a juya lissafin. A sayi man babur mai MA, mai kaurin da ya dace, a zuba wa duka ukun. Man babur ba ya cutar da injin ban ruwa ko janareta. Man injin ban ruwa ne ke iya cutar da babur.

Haka kuma a kula da ragowar man da ɗan'uwa direba ya kawo tsaraba bayan an yi wa motarsa juye. Da kyakkyawar niyya ya kawo, amma a karanta bayan galan ɗin tukuna. Yadda motar ta ke sabuwa, haka man nata ya fi zama haɗari ga babur.

MAGANIN ƘARIN SANTSI DA MAN KWALBA

Ana sayar da wasu ƙananan gwangwanaye na ƙari, wani mai kauri kamar zuma, wani baƙi ko toka-toka, ana cewa suna rage ƙarar inji ko hana hayaƙi. Da yawa daga cikinsu aikinsu ke nan ƙara santsi, wasu ma molibdenum ɗin ne tsagwaronsa. Domin mota aka yi su. Kada a zuba wa babur ko cokali ɗaya. Injin da ke hayaƙi gyara ya ke so, ba zuma ba.

Man da a ke aunawa a kwalba a bakin hanya, daga duro ko jarkar da ba ta da suna, shi ba abin da za ka karanta ma. Yana iya zama na kirki, yana iya zama ɗanyen mai wanda ba a zuba wa sinadarin kare inji ba, yana iya zama tsohon mai da aka tace. Launi ba ya nunawa, murza shi tsakanin yatsu ma ba ya nunawa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Sayi mai a robarsa, murfi a liƙe, wurin dillalin da ka sani. Idan a ƙasar nan aka yi shi, nemi tambarin hukumar SON. In bakanike ne zai yi maka juye, a fasa murfin a gabanka. Bayan an gama kuma ka huda robar ko ka yanke ta ka yi mazurari, don masu jabu irin waɗannan robobi su ke tsinta su sake cikawa.

ALAMUN SANTSI

Santsi ya kan fara nuna kansa ne a babbar giya, kuma sa'ad da babur ke ɗauke da kaya ko yana hawan tudu. Ka murɗa totur, ƙarar inji ta tashi nan da nan, amma gudu bai ƙaru daidai da ita ba, sai daga baya ka ji ya kama. Da farko sai inji ya yi zafi ya ke yi, daga baya kullum. A irin baburan da kik ɗinsu ke bi ta cikin kulochi, za ka ji kik ya yi laushi, yana sauka ba ya juya inji sosai. Idan ka buɗe murfin mai ka shinshina, kana iya jin ƙauri.

Kana iya gwadawa da kanka. Sami miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, ka sa giya ta ƙarshe kana tafiya a hankali, sa'an nan ka buɗe totur gaba ɗaya. Lafiyayyen kulochi zai sa ƙara da gudu su tashi tare, sannu a hankali. Mai santsi kuwa ƙarar ce za ta yi gaba ta bar gudun.

Ka tambayi kanka yaushe abin ya fara. Idan babur lafiya lau ya ke, aka yi juye da wani sabon mai, cikin 'yan kwanaki ya soma, to mai ne abin zargi na farko. Idan kuwa ya daɗe yana zuwa kaɗan-kaɗan cikin watanni, mai yiwuwa faiba ce ta cinye.

Kada a ce tun da yana tafiya a bar shi sai bayan kaka. Duk sa'ad da fayafayai suka zame, ƙarfin da ya kamata ya je taya ya kan koma zafi. Fetur ɗin da ka saya da tsada, balle tun da aka cire tallafi a 2023, wani kashinsa yana tafiya ne wurin gasa kulochi. Zafin ya kan ƙone fuskar faiba ta yi ƙyalli kamar gilashi, ya lanƙwasa fayafayan ƙarfe, ya kashe ƙarfin sifirin, kuma garin ƙunar ya bi mai ya zaga cikin inji. Gyaran da juye ɗaya zai yi yau, bayan wata guda sai an sayi kaya. Ban da wannan akwai haɗari. Mutum ya fito zai wuce babbar mota da buhu biyu a baya, ya murɗa totur, babur ya yi ruri bai motsa ba, ga wata motar ta taho.

DUBA WAYA KAFIN KA ZARGI MAI

Abin da ya fi kome sauƙin gyara shi a ke fara dubawa, kuma shi ya fi yawa. Hannun kulochi lalle ne ya kasance da ɗan wasa kafin ka ji ya fara nauyi. A baburan Honda wasan milimita 10 zuwa 20 ne a ƙarshen hannun, watau kimanin faɗin ɗan ƙaramin yatsa. Idan a gindin hannun a ke aunawa, inda ya ke haɗuwa da mariƙinsa, to milimita 2 zuwa 3 ne. Idan wasan nan ya ɓace, waya tana jan kulochi ke nan ko ba ka taɓa ba, fayafayai ba za su matse sosai ba. Yayin da faiba ke cinyewa wasan ya kan ragu da kansa, don haka a riƙa dubawa. Akwai noti a gindin hannun da wani a ƙasa wajen inji, da su a ke daidaitawa.

Duba kuma ko wayar tana komawa da kanta. Ƙurar hunturu da taɓon damina su kan shiga cikin rigarta ta riƙa maƙalewa. Haka nan idan an ɗaure buhu ko jarka a gaba an danne ta. A ɗiga mata mai, in ta fara tsinkewa a sake ta.

IDAN MAI NE YA JAWO

Ka kunna babur na 'yan mintoci man ya yi ɗumi, ka kashe, ka kwance notin ƙasa ya tsiyaye sarai. A wanke 'yar rariyar mai da kananzir. Idan babur ɗin mai filta ne a sake ta. A zuba man da ke da MA daidai ma'auni, babur na tsaye sak a wuri mai daidai, kada ya gaza kada ya wuce layi. Ka yi tafiya a hankali ba tare da kaya mai nauyi ba na kwana biyu ko uku, sa'an nan ka sake juyewa, don sabon man ya wanko ragowar tsohon da ya maƙale. Wannan juye na biyu ba ɓarna ba ce. Idan an farga da wuri, sau da yawa nan abin ya ke tsayawa.

Idan santsi bai daina ba, sai a buɗe. Ka tsaya a wurin ka gani da idonka. Faibar da ta yi baƙi tana ƙyalli, ko ta cinye, ko ta daɗe tana shan man mota, a sake ta, kuma duka jerin a ke sakewa, ba ɗaya ko biyu ba. Faifan ƙarfe a wanke shi a ɗora a kan gilashi ko madubi. In yana rawa, ya lanƙwashe. In ya yi shuɗi-shuɗi, ya sha wuta. Irin wannan ko an sa sabuwar faiba zai cinye ta. Sifirin ma a gwada tsawonsu da sabo, in sun gajarce a sake su gaba ɗaya. Wasu kanikawa su kan cusa wasa a ƙarƙashin sifirin don ya ƙara matsi. Dabara ce ta kai ka gida, ba gyara ba ce, kuma ta kan sa hannu ya yi tauri waya ta riƙa tsinkewa.

Sabuwar faiba ba a sa ta a bushe. A jiƙa ta cikin man da za a zuba wa injin, aƙalla awa ɗaya, in da hali ta kwana. Kuma a tabbata man jiƙon na babur ne, ba ragowar da ke cikin wata tasa a garejin ba, in ba haka ba an shafa mata cutar tun ba ta fara aiki ba.

Akwai wata matsala kishiyar santsi, kada a haɗa su. Da sanyin safiya lokacin hunturu, ka ja kulochi ka sa giya, babur ya yi tsalle ya mutu, ko ya ƙi komawa firi. Wannan fayafayai ne suka manne ba su rabu ba. Mai mai kauri fiye da kima, irin su SAE 50 ko man giyar mota, shi ke ƙara wannan, haka ma wasan waya idan ya yi yawa. Bar inji ya ɗan yi ɗumi, ka ja hannun sau uku ko huɗu kafin ka sa giya.

BABURA MASU HAYAƘI

Masu Suzuki ko Jincheng AX100 da tsofaffin Yamaha masu shan mai tare da fetur, naku ya ɗan bambanta. Man 2T da ke cikin ɗan tanki ƙonewa ya ke yi, ba ya zuwa wurin kulochi. Kulochinku yana cikin man ɗakin giya ne. Can a ke zuba man 4T mai MA, ko abin da littafi ya ce. Kada a zuba 2T a ɗakin giya, kada a zuba 4T a tankin 2T, kada kuma a ce tun da giya ce bari a sa man giyar mota mai lamba 90 ko 140. Da yake wannan man ba ya baƙi da sauri, mutane su kan manta da shi shekara guda. Shi ma juye ya ke so.

HANNUN MAI HAWA DA LOKACIN JUYE

Kome kyan mai, ba zai ceci kulochin da a ke azabtarwa ba. Tashi da giya ta biyu da kaya a baya, da riƙe kulochi rabi-rabi cikin rairayi ko taɓo ana murɗa totur, da ɗora yatsu a kan hannun ana tafiya, duk suna cinye faiba. Idan babur ya kafe a yashi da buhunan masara, sauke buhu ɗaya ka tura. Minti biyar na ruri a wuri ɗaya ya kan ci abin da tafiyar watanni ba ta ci ba. A faɗa wa yara wannan, don su suka fi yi.

Game da juye, littafin kowane babur ya faɗi nisan da za a yi, amma wannan lissafi na kwalta ne. Babur ɗin gona yana shan ƙura, yana ɗaukar nauyi, iska kaɗai ke sanyaya shi, kuma haƙoran giya suna tauna man har kaurinsa ya ragu. Shawararmu ita ce a rage nisan, kada a jira ya cika. Wanda agogon babur ɗinsa ya mutu ya ƙirga da ranakun kasuwa, ya rubuta ranar juye da sunan man a bangon zaure ko a jikin murfin akwatin batir. Wannan rubutu zai yi amfani ran da aka zo neman abin da ya jawo santsi. A duba ma'aunin mai kowace safiya kafin a fita. Da damina, idan an ƙetare rafi ruwa ya kai inji, a buɗe a duba. Man da ya koma fari-fari kamar shayi da madara ruwa ya sha, a juye shi ran nan.

Tsohon man da aka juye a tara shi a jarka mai murfi, nesa da yara. Kada a zubar kusa da rijiya ko a fadama, kada a shafa wa dabbobi don kaska ko ƙazuwa, don yana ɗauke da guba mai shiga fata. Kada kuma a tace shi a mayar cikin injin ban ruwa. Kanikawa da yawa su kan karɓe shi.